Baƙon Yini Ɗaya a Zazzau

A ƙarshen 1825 Bature Hugh Clapperton ya sauka daga jirgin ruwa a Badagiri, ya nufo arewa. Da ya iso Zariya a 1826, cikin abubuwan da ya rubuta har da gonakin da ya tarar a cikin ganuwa.

Yau idan muka yi baƙon yini ɗaya a Gyallesu, mukan kai shi fada, da masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina, mu ce ya ga Zazzau. Ko rabi bai gani ba. Ba ma kai shi Shika, inda aka kafa gonar kiwon shanu a 1928, wadda ta zama cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a 1976. Ba ma kai shi Kudan, inda manoma suka mayar da noman inabi sana'a.

Gidaje sun cinye yawancin gonakin da Clapperton ya gani, burtalin shanu ma sai ƙara tsukewa yake. Muddin ba mu ɗauki gona da garke a matsayin tarihi ba, ranar da za a yanka sauran filin a sayar, babu wanda zai ce uffan.