Tarihin Kiwon Murjanin Duhu a Cikin Gida

Murjani, wanda Hausawa suka sani a matsayin jan dutsen ado da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum, asalinsa ƙashin wata dabbar teku ne mai tarin 'yan bakuna, kuma masana sun kasa danginta gida biyu bisa hanyar samun abinci. Kashi na farko, murjanin haske, yana ɗauke da wata ƙwayar gansakuka a cikin tsokarsa, wadda masani Karl Brandt ya raɗa wa suna a 1881, ita ke sarrafa hasken rana ta ciyar da mai masaukinta. Kashi na biyu, murjanin duhu, wanda jan murjanin ado da yawancin gorgoniya masu rassa kamar mafici suke ciki, ba shi da wannan baƙuwa, yana zaune a kogunan dutse da zurfin teku, sai abin da igiyar ruwa ta kawo masa yake ci.

Kiwon murjani a gida da ciyarwa ya fara. A 1846 wata Baturiyar Birtaniya, Anna Thynne, ta ɗebo ƙananan murjani daga gaɓar Torquay, daga baya ta kai su gidanta a Landan, inda suka rayu kimanin shekara uku a kwanonin gilashi. Tana ba su gutsattsarin jatan lande, kuma kowace rana ana sheƙa ruwansu daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga domin ya sha iska, aikin da famfon lantarki ke yi a yau. Sai a 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi ga jama'a, sannan littafin Philip Henry Gosse na 1854 ya yaɗa sunan akwariyam, wato akwatin gilashi na kiwon halittun ruwa.

Da sana'ar ta bunƙasa a ƙarni na 20, sai ta juya wa wannan tushe baya. Lee Chin Eng na Jakarta ya bayyana a 1961 yadda dutsen da aka ciro daga teku da halittunsa yake tsabtace ruwa, su kuma masu kiwo a Jamus, musamman na Balin, suka haɗa wannan dutse da fitilu masu ƙarfi, da ruwan farar ƙasa mai gina ƙashi, da na'urar kumfa wadda ke tsame dauɗa tun kafin ta ruɓe. Tsarin ya yi wa murjanin haske rana ƙwarai. Sai dai ruwan da aka tace ya zama garau, ga dabbar da ke jiran abinci a cikinsa, tamkar rumbu ne da aka share, shi ya sa aka daɗe ana sayen gorgoniya ja da rawaya saboda kyansu, su yi 'yan watanni suna ramewa, tsokar ta saɓule ta bar tsuran ƙashi. Wannan asara ce da ya kamata a ce an taka mata birki tun da wuri, domin kusan dukansu daga teku ake ciro su.

Bakin zaren ya fito a 1995, lokacin da Katharina Fabricius da abokan aikinta suka nuna cewa Dendronephthya na Bahar Maliya, wani murjani mai taushi kamar kan farin kabeji, ƙananan tsirran da ke yawo a ruwa ne abincinsa, kuma cinsa ya danganta da saurin gudun ruwan. Daga nan masu kiwo suka koma ɗiga abinci kaɗan-kaɗan dare da rana daga kwalabe masu sanyi, suna kuma yawaita canjin ruwa, tunda abincin da ya raya dabbar shi ne ke gurɓata mazauninta idan ya kwana.

Nasarar ba ta zo daidai ga kowa ba. Tubastraea, wani murjanin duhu mai launin lemo, yana buɗe bakunansa da almuru, ana bi ɗaya bayan ɗaya da ɗan bututu ana ɗora musu nama, har yakan hayayyafa a akwatin. Dendronephthya kuwa har yanzu da wuya ya cika shekara a hannun mai kiwon gida.