Daga dillali zuwa salula: wa muke tambaya kafin mu saya?

Makon da aka koma lakwal, wani dattijo ya tare ni a bakin aji da fitila mai aiki da hasken rana a hannunsa. Ya ce, "Mushe, duba mini wannan. Jika huɗu aka ce. Yaron nan zai yi karatun dare da ita, ko kuɗina za su tafi a banza?" Na juya kwalin na ce, "Wallahi Baba, rubutun dai zan iya karanta maka, amma ƙarkonta ban sani ba." Ya ce ɗansa ne ya ga wani yana yabonta a waya. Tun ranar nake tambayar kaina: a da, wa mutanen Alakos suke nema kafin su fitar da kuɗi, kuma me ya sa suke yarda da maganarsa?

Alakos tana arewacin Gure, inda gonakin gero suke haɗuwa da ƙasar kiwo. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Gure a watan Disamba na 1852 kan hanyarsa ta zuwa Damagaram, ya ambaci yankin a matsayin mazaunin Abzinawa Ikazkazan tare da Barebari. Gishirin Bilma yana saukowa daga arewa, mangul da kanwa suna fitowa daga Muniyo da Manga, gero kuma yana haurawa. Mai raƙumi da mai gero ba lallai su ji harshen juna ba. Kuɗin ma aiki ne: a Kano, a 1851, Barth ya tarar wuri 2,500 ne ke yin dala ɗaya ta azurfa. Wanda bai iya ƙirga ba sai a cuce shi da rana tsaka.

Shi ya sa kasuwa ta haifi dillali. Kalmar daga Larabci ta zo, ma'anarta mai nuna hanya, la'adar da ake ba shi kuma asalinta "al'ada" ne. Dillali yana buɗe bakin akuya ya faɗa maka shekarunta, ya san raƙumin da ke ɓoye ciwo. Amma abin da ya ba maganarsa nauyi shi ne, shi ne shaida. In dabbar ta fito ta sata ce, ko aka ɓoye aibinta, wurinsa ake komawa, shi zai nemo mai ita. Gidansa sananne ne, kuma mako mai zuwa dole ya dawo kasuwar nan ya haɗa ido da kai.

Baƙo mai fatauci kuwa yana da mai masauki, wato fatoma, wanda ke ajiye masa kaya, ya gaya masa farashi, ya nuna masa wanda za a ba bashi. Hausawa sun kai wannan tsari har kurmi. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta Yarabawa shanu bashi, maigida Bahaushe ne ke tsayawa: in mahauci ya ƙi biya, shi ke biyan mai shanu. A cikin gidaje ma haka abin yake. Matar da ba ta fita kasuwa tana da dillaliya mai kawo mata zannuwa da kwanoni, tana da gwaggo ko uwar ɗaki da za ta ce mata wannan atamfa tana zuba, waccan ba ta zuba. Dillaliyar da ta kawo jabu sau ɗaya ta rufe wa kanta ƙofofin unguwa gaba ɗaya.

Ba ina cewa dillalai waliyyai ba ne. Kowa ya san mai cin baki biyu, ya rage wa mai dabba, ya ƙara wa mai saye. Sai dai akwai inda ake kama shi: sarkin kasuwa, mai gari, alƙali.

Turawan Faransa sun kama Damagaram a 1899, wuri ya ja baya, aka shigo da sefa a 1945. Kaya suka soma zuwa cikin kwali da gwangwani, da rubutun da yawancin iyayenmu ba su iya karantawa. Nan ne malamin lakwal ya shiga sahun masu ba da shawara: shi ke karanta wasiƙa, shi ke duba ranar da magani zai lalace. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan waje suka yi tsada, mutane suka ƙara karkata ga na araha, har da maganin tebur.

Salula ta shigo Nijar a 2001, kuma ta yi amfani. Binciken Jenny Aker ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin ƙasar ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda layi ya isa. To amma waya farashi take faɗa, ba ta tsaya wa inganci. A 2015, lokacin annobar sanƙarau, iyaye sun ruga sayen allurar rigakafi da kuɗinsu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa akwai ta jabu tana yawo a Nijar. Yau ƴaƴanmu suna jin yabon man bilicin, maganin ƙiba da wayoyi daga bakin mutanen TikTok da WhatsApp waɗanda ba mu san gidansu ba. Da yawansu dillalai ne, ana biyansu la'ada, amma in kayan suka lalace babu inda za a same su.

Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, kuma mai ɗaukar ɗaki kafaɗarsa tana ƙarƙashin jinka. Ƴan'uwana malamai da iyaye, ya kamata mu koya wa yara tambayoyin da kakanninsu suke yi ba tare da an koya musu a aji ba: mai wannan magana ya taɓa amfani da abin? Me zai samu in na saya? Ina zan same shi in ya lalace? A darasin lissafi ma za a iya kwatanta fitilar jika huɗu mai wata uku da ta jika goma mai shekara biyu.

Dattijon nan dai na raka shi wurin mai gyaran rediyo na garinmu, wanda irin waɗannan fitilu suke taruwa a teburinsa in sun mutu. Ya buɗe bayanta, ya duba batirin, ya ce a mayar. Ya nuna masa wata, ya ce in ta tsaya kafin damina ya kawo masa ita, gyara kyauta.