IFC: yadda manhajojin zanen gini suka koyi yare ɗaya

Ka taɓa karɓar zanen gini daga abokin aiki, manhajarka ta ƙi buɗe shi? To, wannan ciwon kai ne ya haifi IFC.

A farkon shekarun 1990 kowace manhaja da irin fayil ɗinta. Mai zane ya gama nasa, injiniyan da zai lissafa rodi da siminti sai ya sake shigar da komai da hannu. Nan kuskure ke shigowa, kuɗi su salwanta. Wani rahoton hukumar NIST na 2004 ya ƙiyasta cewa rashin jituwar manhajoji na jawo wa harkar manyan gine-gine a Amurka asarar dala biliyan 15.8 a shekara.

A 1994 Autodesk ya haɗa ƙawancen kamfanonin Amurka 12 domin neman mafita. A 1995 aka buɗe ƙofa ga kowa, daga baya kuma ƙungiyar ta koma buildingSMART. Tsarin da suka fitar, wato IFC, ba layuka kawai yake adanawa ba. Bango sunansa IfcWall, ƙofa IfcDoor, kowanne da kaurinsa da lambar shaidarsa. Sigar IFC2x3 ta fito a 2006, IFC4 kuma a 2013, shekarar da ya zama ma'aunin duniya na ISO 16739.

Wannan tarihi shi kake gani idan ka zo fitar da fayil daga Revit ko Archicad. Za a tambaye ka siga, don har yau manhajoji da yawa sun fi jituwa da IFC2x3. Saboda haka tambayi wanda zai karɓa tukuna. Sai ka duba teburin da ke haɗa kayan zanenka da sunayen IFC. Abin da bai samu suna ba yakan fita a matsayin IfcBuildingElementProxy: ga siffa, amma ba a san ko mene ne ba. Mai lissafin kayan aiki zai ƙirga ƙofofi, ya tsallake taka. Kar kuma ka manta da bayanai irin su juriyar gobara, su ma sai ka zaɓa a fitar da su.

Ka ga, gini yakan fi manhajar da ta zana shi tsawon rai. Buɗe fayil ɗin IFC da Notepad ka gani: rubutu ne zalla, layin farko ISO-10303-21. Wanda zai gyara ginin nan bayan shekara 40 ba sai ya sayi lasisin kowa ba. Amma fa abin da ka fitar yau shi kaɗai zai tarar.