Daga Kano Zuwa Ikko A Kan Dogo

Kwanakin baya ina tafe da ɗan autana a cikin Kano, muka zo tsallake titin jirgi, sai ya ja ya tsaya yana kallon ƙarafan nan biyu da suka miƙe ɗoɗar, ciyawa ta fito a tsakaninsu, wata akuya na kwance a kai tana tuƙa abinta. Ya ce, "Baba, wai shi wannan ƙarfen ina ya nufa?" Na ce masa Ikko. Sai ya ƙyalƙyale da dariya, a zatonsa zolayarsa nake yi. To wallahi dariyar nan ta tsaya mini a rai, don kuwa ƙarfen da yake yi wa dariya shi ya ciyar da ubana, shi ya ciyar da ni.

Mai karatu, bari mu ɗan waiwaya, tunda an ce waiwaye adon tafiya. Shi dogon nan ba don mu aka shimfiɗa shi ba. Turawa sun faro shi daga Ikko, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Jebba a bakin kogin Kwara a 1909. A nan Arewa kuma Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan jirgin ƙasa ne, ya faro wani daga Baro a 1907, da nufin a riƙa kai kaya bakin kogi a zuba a jirgin ruwa. Wannan shi ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas. Aka haɗe layukan biyu a Minna, zuwa 1912 mutum na iya tashi daga Kano ya sauka Ikko, tafiyar mil ɗari bakwai ko kusa da haka. Amma fa a Jebba sai an ɗora taragu a kan jirgin fito an haye da su, domin gadar ba ta kammala ba sai wajen 1916.

Su wa suka yi aikin? Talakawa ne. Bature ya faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, a tattaro majiya ƙarfi daga ƙauyuka a tura su aikin diga, ko suna so ko ba sa so. Har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi sai da ya tsara waƙa a kan wannan aiki, ita ce Waƙar Diga.

Abin da Turawa suka ƙwallafa rai a kai auduga ce, don masaƙunsu na Ingila. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafin. Ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, ta fi son jigawarsa, in ma kasuwa ta ƙi, ya ci abarsa, ita kuwa auduga ba ta shiga tukunya. A kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Daga nan aka soma, har aka kai ga dalar gyaɗa da su Alhassan Ɗantata suka shahara da ita. Ka ga ke nan an gina hanya don wata manufa, mutanen ƙasa sun karkatar da ita zuwa tasu.

Mu a gidanmu goro muka gada. Kakana bafatake ne, ya bi ayari zuwa Gwanja da jakuna, a yi watanni ana tafe daga zango zuwa zango, wani a dawo da shi, wani sai dai labari. Da dogo ya zo, kuma aka shiga noman goro a ƙasar Yarbawa, sai ayari ya mutu. Hausawa suka kafa zama a Agege da Shagamu da Sabo na Ibadan suna sayen goro, suna ɗaure shi a huhu, suna loda wa jirgi. Tafiyar da kakana kan yi ta watanni, ubana ya riƙa yin ta a kwana biyu.

A 1974 ya tafi da ni karo na farko, ina ɗan shekara goma sha biyu. Tun da asuba muka isa tasha, ya yanki tikiti na masu ƙaramin ƙarfi, muka kutsa cikin tarago da tabarmarmu da buta da ƙullin ƙuli-ƙuli da soyayyen nama. Wurin zama kuwa sai wanda ya riga. Ga sojoji masu komawa bariki, ga 'yan makaranta, ga mata da kwandunan albasa da busasshen barkono, ga kaji a ƙarƙashin benci. Jirgi ya yi kuka, ya yi girgiza, muka ɗaga.

Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Mokwa. Kowace tasha da masu tallanta, suna bin tagogi a guje suna miƙo kaya, kai kuma kana miƙa kuɗi kana addu'ar a ba ka canji kafin jirgi ya tashi. Ina barci Baba ya tashe ni, ya ce, "Kai, tashi ka ga Kwara." Na leƙa, sai ga mu a kan gadar Jebba, ƙarfe na amsa kuwwa, ruwa shimfiɗe a ƙasa iya ganinka. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na Challawa ba, sai na ƙanƙame rigarsa.

Daga Ilori ƙasa ta fara sauya kama. Kuka da dorawa suka ɓace, kwakwar manja ta bayyana, iska ta yi nauyi, rufin kwano mai tsatsa ya maye gurbin soro. Wata dattijuwa Bayarabiya da ke zaune daura da mu tun Kaduna ta kwance ganye ta miƙo mini alala. Na dubi Baba, ya ce, "Karɓi mana, ai uwa ce." Ya ciro goro biyu farare ya ba ta, ya ce, "Iya, ga na hanya." Ta karɓa da hannu biyu tana "Na gode, Alaji," alhali ko Makka bai je ba tukuna. Ba ta jin Hausa sosai, shi ma Yarbancinsa na ciniki ne kawai, amma kafin mu kai Offa ya san 'yarta na aure a Kaduna, ita kuma ta san sunan duk 'ya'yansa. Da ya sauka salla a wata tasha, ita ta tsare mana kaya.

Nan ne fa abin yake, ɗan'uwa. Wanda ya hau jirgin sama ya bar Kano ya faɗa Ikko cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, bai ga komai ba sai gajimare. Wanda ya bi dogo kuwa dole ya ga Nufawa, ya ga Gwarawa, ya ga Yarbawa, ya ci abincinsu, ya yi gyangyaɗi a kafaɗar wanda bai sani ba. Lokacin da muka sauka a Iddo washegari, ƙafafuna sun kumbura, amma na san ƙasata fiye da abin da aka koya mini a aji.

To me ya faru? Fari ya zo a farkon shekarun 1970, cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, dala ta rushe. Kuɗin man fetur ya shigo, aka raja'a a kan kwalta da tirela, aka bar dogo ba gyara. Jirgi ya koma yau ya zo, gobe babu. Shi kuwa goro ba ya jira, in ya sha zafi ya lalace, don haka Baba ya koma bin mota yana ƙunƙuni har ya bar duniya, Allah Ya jiƙansa.

An yi yunƙuri daga baya. A ƙarshen 2012 an gyara tsohon layin, jirgin fasinja ya sake tashi daga Ikko zuwa Kano, tafiyar sama da awa talatin. An buɗe sabon layi mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, da na Ikko zuwa Ibadan a 2021, a shekarar ce kuma aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Sai dai harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe wasu aka sace wasu da dama, ya nuna mana shimfiɗa ƙarfe kaɗai ba ya isa in babu aminci a dajin da zai ratsa.

Kakanninmu da gumin dole suka haƙa hanyar nan, suka mai da ita tasu. Mu da aka miƙa mana ita a sama, muka bar wa awaki. Ni dai burina kafin ƙafa ta gaza, in kama hannun yaron nan mu yanki tikiti a Kano, in tashe shi daga barci a gadar Jebba kamar yadda aka tashe ni. Gani ya kori ji. Allah Ya nuna mana.