Kamfanin PELNI da Jiragen Ruwan Indonesiya

Ƙasar Indonesiya tsibirai ce sama da 17,000, saboda haka duk wanda ya riƙe jiragen ruwanta ya riƙe linzaminta. Har bayan samun 'yancin kai, linzamin nan yana hannun KPM, kamfanin mutanen Holan, watau tsofaffin 'yan mulkin mallaka. Don karɓe shi ne gwamnati ta kafa kamfanin PELNI ran 28 ga Afrilu, 1952.

Da fari PELNI bai iya ja da KPM ba. A ƙarshen 1957 rigima a kan Papuwa ta Yamma ta sa aka hana KPM aiki, amma daga bisani ya kwashe jiragensa ya tafi. PELNI ya gaji hanyoyi ba isassun jirage, dole ya riƙa cike giɓi da na hannu. Ɗaya daga cikinsu, Tampomas II, wanda aka sayo daga Japan, ya kama wuta ya nutse a Tekun Java cikin Janairun 1981, ɗaruruwan mutane suka halaka.

Bayan wannan masifa gwamnati ta koma ga sababbin jirage, ƙirar kamfanin Meyer na garin Papenburg a Jamus. Daga Kerinci a 1983 zuwa Gunung Dempo a 2008 an ƙera 24, galibinsu da sunayen duwatsun ƙasar, manyansu kuwa na ɗaukar fasinja kamar 2,000.

Tun wajen 2000 jiragen sama masu araha sun janye fasinja da yawa. Duk da haka gwamnati tana tallafa wa PELNI, domin talakan tsibiran gabas ba shi da hanyar da ta fi shi sauƙi.