Kiyaye Haɗari a Haƙar Zinare a Anka da Bukkuyum

Kiyaye haɗari shi ne hango asara da tare ta tun kafin ta auku. A yammacin Zamfara an san darajarsa a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. A lokacin, masu haƙar zinare suna niƙa dutse mai ɗauke da dalma a cikin gida, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe.

Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka fitar da niƙa bayan gari. Ƙauyen Bagega kuwa sai 2013 aka share shi, bayan jinkirin kuɗin gwamnatin tarayya. Gwamnatin ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, amma saboda 'yan bindiga, ba don gubar ba.