Wa ya fara ɗaukar waƙa a Najeriya? Abin da finafinan tarihi ke tsallakewa

Ka ɗauka kana zaune a Zagga ko Bagudo da yamma, ka buɗe waya, ka ci karo da fim ɗin tarihi kan sutudiyon ɗaukar waƙa a Legas. Za ka ga Bature a cikin mota yana ratsa hamada, sai ka ɗauka daga nan labarin ya soma. To, ba haka ba ne, kuma yana da kyau ka san dalili.

Baturen nan shi ne Ginger Baker, makaɗin ganga na ƙungiyar Cream ta Ingila. A 1971 ya tuƙo Range Rover ta Aljeriya, ya ratsa Sahara har Najeriya, Tony Palmer yana biye da shi da kyamara. Daga nan aka sami fim ɗin Ginger Baker in Africa. Baker ya kafa sutudiyo mai suna ARC a Ikeja, wanda ya fara aiki a 1973. A 2012 wani fim, Beware of Mr. Baker, ya sake bin labarin rayuwarsa, har da zamansa a Legas da abotarsa da Fela Kuti.

Abin da ya fito da ARC shi ne na'urarsa mai layi 16. Me hakan ke nufi? Tef ɗin ɗaukar sauti ana raba faɗinsa zuwa layuka, kowane layi da nasa sauti. Kalangu a layi ɗaya, muryar mawaƙi a wani, 'yan amshi a wani. Idan mai kalangu ya kuskure, nasa kaɗai za a sake. A na'ura mai layi ɗaya kuwa, kuskuren mutum guda ya ja wa kowa komawa farko. Ci gaba ne na gaske, ba a musu.

Amma fa Baker ya tarar da sana'ar tana tafiya. Kamfanin EMI yana da sutudiyonsa a Apapa mai layi 8, kuma a can Paul McCartney ya yi yawancin aikin faifansa Band on the Run a 1973. Decca ma yana Legas. In ka ƙara komawa baya, tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan, a harsuna da dama, har da Hausa.

To me ya sa finafinan ke soma labari daga baƙo? Ba lallai mugun nufi ba ne. Fim hoto yake ci. Inda aka kai kyamara, nan ake da abin nunawa, kuma kyamara tauraro take bi. Injiniyan da ya kwana yana saita makirfo, da mawaƙin da ya zo daga nesa a motar haya, babu wanda ya ɗauke su. Bayan shekara 40 mai shirya fim zai duba ma'ajiya, ya gina labari da abin da ya samu. Ka ga ke nan abin da ya tsira shi ya zama tarihi.

Mu a Arewa abin ya fi shafar mu, domin babban sutudiyonmu gidan rediyo ne. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 shi ya ɗauki ɗimbin waƙoƙin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, ya kai su har ƙauyukan bakin iyaka. Mawaƙan ƙasar Kabi irin su Sani Aliyu Ɗandawo da Gambu, rediyo da kaset ne suka yaɗa su. Murya muna da ita. Hoton yadda aka yi aikin kuwa ƙalilan ne.

Leƙa maƙwabtanmu na Benin ka ga. Kamfanin Albarika Store ya riƙa kai ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano zuwa EMI a Legas domin ɗaukar waƙa. Ƙungiyar Super Borgou ta Parakou kuwa, sai a 2012 duniya ta sake jin ta sosai, bayan kamfanin Analog Africa na Jamus ya tattaro tsofaffin faifanta ya sake fitarwa. Da faifan sun lalace, da shi ke nan.

Kuma suna lalacewa. Sautin tef yana zaune ne a wani siririn shafe mai maganaɗisu da aka manna a jikin roba. Zafi da danshi suna cin mannin, tef ya yi danƙo ko ya yi fumfuna. Damina ɗaya a ɗakin da ke yoyo ta isa.

Saboda haka, in ka sake kallon irin waɗannan finafinai, tambayi kanka: wa ke riƙe da kyamara, kuma wa ke wurin kafin ta iso? In kuma akwai kwalin kaset a gidanku, ko dattijon da ya taɓa sana'ar kwafar kaset a kasuwa, kada ka jira. Ka nemi a mayar da sautin cikin kwamfuta, ka zauna da dattijon ka kunna rikodar wayarka, ka tambaye shi suna da wuri da shekara.